Ina so in je Laberiya in yi rahoto kan waɗanda yaƙi ya bari, amma babu gidan jaridar da ke bayana, dan Allah shawara

Sabon_Alƙalami:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu gogewa a aikin jarida ku taimaka min, abin nan ya kai wata uku yana cin raina.

Na yi shekara biyar a gidan rediyo, bara na ajiye na koma mai zaman kansa, ina haɗa rahoto ina turawa duk wanda ya saya. Abin da zuciyata ta kwanta a kai shi ne ƙasashen da yaƙi ya ƙare, wato bayan an daina harbi manyan kafafe sun naɗe kyamarorinsu sun yi gaba, ya ake ciki da mutanen da aka bari. Kuma Laberiya nake so in fara da ita. Yaƙinsu tun 1989 aka faro shi, bai ƙare gaba ɗaya ba sai 2003, ana ƙiyasta mutum kusan 250,000 suka mutu, hukumar gano gaskiya da sasantawa ta fitar da rahotonta a 2009 ta ce a kafa kotu, aka yi shiru shekara da shekaru, sai a watan Mayun 2024 shugaba Joseph Boakai ya sa hannu a kafa ofishin da zai share fagen kotun. Waɗanda aka hukunta ma duk a waje ne, tsoffin kwamandojin 'yan tawaye Alieu Kosiah a Suwizalan 2021 da Kunti Kamara a Faransa 2022, shi kansa tsohon shugaban ƙasar Charles Taylor shekara 50 ɗin da aka yanke masa a 2012 kan laifukan Saliyo ne, na ƙasarsa ba a taɓa tuhumarsa a kai ba. Wallahi duk lokacin da na tuna akwai tsofaffin da suka yi shekara ashirin suna jiran wannan kotu, wasu sun mutu suna jira, sai in ji ba zan iya zama ba.

Na rubuta wa editoci uku, biyu ba su ko amsa ba, ɗaya ta amsa da layi ɗaya wai yaƙin nan ai ya daɗe da ƙarewa, mene ne sabo. Abin ya sosa min rai sosai.

Toh tambayoyina uku ne. Ina masu zaman kansu ke samo kuɗin irin wannan tafiya? Na biyu tsaro, tunda ba yaƙi ake ba yanzu shin sai na yi wani shiri na musamman? Na uku kuma shi ya fi damuna, ni baƙo ne, ban rasa kowa a yaƙin ba, ina da hurumin da zan je in zauna gaban matar da aka kashe mata 'ya'ya in ce ta ba ni labari?

Tsohon_Wakili:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa albarka a wannan niyya, kaɗan ne ke waiwayar irin wuraren nan.

Amma bari in fara da abin da ba za ka so ji ba, editan nan da ta ce maka mene ne sabo ta yi maka alheri, don ta fi biyun da suka yi shiru. Abin da ka rubuto mana a sama maudu'i ne, bai zama labari ba tukuna. Edita yana da takardu irin naka ashirin a gabansa, yana neman wanda zai ce masa wane mutum, wane gari, wane abu ne zai faru a watan nan, kuma wa ya riga ya yarda zai yi magana da ni. In ka ce masa zan je in ga halin da ake ciki, ya san kai ma ba ka san me za ka samo ba, kuma da kuɗinsa kake so ka je ka gano.

Ni abin da shekaru suka koya min a wannan fanni shi ne ka bi alkawari. Duk inda yaƙi ya ƙare sai an yi alkawura a rubuce, diyya, kotu, gano gawarwakin waɗanda suka ɓace, mayar wa mutane gonakinsu, kwance nakiyoyi, kuma kowane alkawari yana da ranar da aka yi shi da adadin kuɗi da sunan wanda ya sa hannu, kaga kenan kana da ma'aunin da za ka auna da shi. Dubi Chadi, an yanke wa tsohon shugaban ƙasar Hissène Habré ɗaurin rai da rai a Dakar a 2016, kotun ɗaukaka ƙara ta ce a biya mutum 7,396 diyyar sefa biliyan 82, duniya ta yi ta tafi, mutumin ya mutu a 2021 ba a ba kowa ko sisi ba, sai a 2024 gwamnatin Chadi ta fara ba da wani ɗan kaso. Ko Yuganda, kotun duniya ta Heg ta ɗaure kwamandan 'yan tawaye Dominic Ongwen shekara 25, a 2024 ta yanke diyyar sama da yuro miliyan 52 ga mutum kusan dubu 50, kowa yuro 750 na share hawaye, alhali shi Ongwen ba shi da komai, sai asusun tallafa wa waɗanda aka zalunta ya bi ƙasashe yana nema. Ɗan jaridar da ya je ƙauyukan nan ya tambayi mutane shin kun karɓa, kun ma san an yanke muku, shi ke da labari. Haka za ka yi da Laberiya, ofishin nan da aka kafa nawa aka ware masa, nawa ya shigo hannunsa, shaidun da suka yi magana gaban hukumar su nawa ne ke raye a gari kaza.

Batun kuɗi kuma, dan girman Allah kada ka tafi da kuɗin aljihunka kana fatan in ka dawo wani zai saya. Na yi wannan kuskuren sau ɗaya, wata kafa ta ce min a waya je ka muna so, na ci bashi na tafi na yi sati uku, ina dawowa editan ya canza wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba, kuma ba ni da ko layi ɗaya a rubuce da zan nuna, sai da na yi shekara ina biyan bashin nan. Tun daga lokacin ko imel ne sai na ga nawa za a biya, yaushe, wa zai ɗauki kuɗin tafiya, nawa za a ba ni in sun fasa bugawa, kuma wa zan kira in aka kama ni.

Akwai masu ba da tallafi. Pulitzer Center da ke Amurka suna ɗaukar nauyin tafiya, amma za su so ganin cewa akwai kafar da ta nuna za ta buga, shi ya sa dole ka fara shawo kan edita. IWMF na mata 'yan jarida ne, in akwai abokiyar aikinka sai ka gaya mata. Rory Peck Trust a Landan musamman don masu zaman kansu aka kafa ta a 1995, da sunan wani mai ɗaukar hoto da aka kashe a Mosko a 1993, suna taimakawa da kuɗin horon tsaro. Sai ACOS Alliance da aka kafa a 2015 bayan kisan James Foley da Steven Sotloff a Siriya, dukkansu masu zaman kansu ne, kafafe da yawa sun sa hannu a ƙa'idojinta cewa za su kula da mai zaman kansa kamar ma'aikacinsu, ka duba ko wadda kake nema tana ciki, in tana ciki ka tuna musu.

Tsaro kuwa, Laberiya yanzu lafiya lau ake zuwa, abin da ya fi kashe mu a irin wannan tafiya hatsarin mota ne da ciwo a inda babu asibiti kusa, don haka ka yi inshora wadda ta haɗa da ɗauko ka in ka kwanta, ka yi horon taimakon gaggawa ko na kwana biyu ne. Kuma ko ƙasa ba ta neman biza a wurinka, izinin aikin jarida daban yake, yawanci ma'aikatar yaɗa labarai ke bayarwa, kada ka shiga a matsayin ɗan yawon buɗe ido sannan ka fito da rakoda, ranar da aka so kama ka da wannan za a kama ka.

'Yar_Tafinta:

Malam Tsohon_Wakili ya gama magana kan kuɗi, ni tambayarka ta uku ce ta sa na kasa wucewa, kuma da ni ce da ita zan sa a farko.

Na yi shekaru ina yi wa 'yan jarida baƙi tafinta da jagora, abin da suke kira fiksa, ni ke nemo mutane, ni ke roƙonsu su yarda, ni ke zaune a tsakiya ina juya maganar, in an gama baƙo ya hau jirgi ni kuma ina nan da mutanen. Ɗan'uwa duk lissafin tsaron da kake yi na kanka ne, kuma kai ne mafi ƙarancin hatsari a cikin duk wanda labarin zai shafa. Ka tuna 2007 a Afganistan, Taliban suka kama ɗan jaridar Italiya Daniele Mastrogiacomo tare da direbansa da tafintansa Ajmal Naqshbandi, direban suka kashe shi tun farko, aka saki fursunonin Taliban biyar aka karɓo Baturen, Ajmal aka bar shi a hannunsu suka yanka shi bayan 'yan makonni. Duk wani fiksa a duniya ya san wannan labarin.

A ƙasar da yaƙi ya ƙare ba a yi shari'a ba, wanda ya yi kisan da wanda aka kashe wa suna gari ɗaya, kasuwa ɗaya, wani lokacin ma shi ne mai muƙami. A Laberiyar da za ka, madugun 'yan tawaye Prince Johnson wanda aka ɗauka a bidiyo lokacin da yaransa ke azabtar da shugaban ƙasa Samuel Doe a 1990, sanata ne na yankin Nimba tun 2006 har ya mutu a ƙarshen 2024. Toh ka yi tunanin matar da ke wani ƙauye ta ambaci sunan kwamandan da ya shigo gidansu, kai ka tafi, rahoton ya hau intanet, wani ya tura a WhatsApp, cikin kwana biyu ya dawo ƙauyen.

Ni ya taɓa faruwa a hannuna kuma har yau bai bar ni ba. Wata baiwar Allah ta yarda ta yi magana kan fyaɗen da aka yi mata lokacin rikici, saboda ni ta yarda, aka yi mata alkawari za a rufe fuska a canza suna, an rufe fuskar kuwa amma aka bar muryarta yadda take, ga ƙofar gidan da bishiyar da ke gabansa sun fito raɗau. Dangin mijinta ba su san abin ya faru ba sai a wannan bidiyon. Auren bai kai ƙarshen shekarar ba. Wanda ya yi rahoton na kira shi ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, na kuma yarda ya yi, amma baƙin cikinsa bai mayar da ita ɗakinta ba, ni ce nake haɗuwa da ita.

Kuma wannan ya zama ruwan dare. Bayan abin da ISIS ta yi wa Yazidawa a Sinjar a 2014, 'yan jarida suka yi ta tururuwa sansanonin gudun hijira a Iraƙi, wani bincike da aka wallafa a 2018 ya tattauna da mata 26 daga cikinsu, kashi 85 cikin ɗari suka ba da labarin abin da bai dace ba da aka yi musu, ko an matsa musu su yi magana ko an bayyana su alhali 'yan'uwansu na hannun ISIS. Irin wannan ne ya sa aka fito da ƙa'idar Murad a 2022 kan yadda ake hira da waɗanda aka yi wa fyaɗe a yaƙi, da sunan Nadia Murad, ɗaya daga cikin matan Yazidawan da ISIS ta kama, ka nemo ta ka karanta kafin ka sayi tikiti, ba ta da tsawo.

Hurumi kuwa kana da shi in ita ta ba ka, kuma tana iya karɓewa ko a tsakiyar hira. Ka gaya mata ƙarara inda zai fito da cewa maƙwabcinta zai iya gani a wayarsa, mutane da yawa in ka ce rediyon waje suna zaton can waje zai tsaya. Kada ka ce mata labarinki zai kawo taimako, ba ka da iko da wannan. Kada ka yi hirar a gaban mai gari ko ma'aikacin ƙungiyar da ke ba ta abinci, don ba za ta iya cewa a'a ba. Kada ka sa ta maimaita daren nan dalla-dalla in ta riga ta faɗa wa hukuma an rubuta, je ka karanta can, ita ka tambaye ta rayuwarta ta yau da abin da take jira, sau da yawa ma a nan labarin yake. In ta fara kuka ka kashe rakoda ka yi shiru. Kuma ka biya fiksanka yadda ya kamata, ka tambaye shi ko yana son sunansa ya fito ko ba ya so, shi ya san wanda ya fi masa lafiya.

Ɗan_Jarida_Ne:

Ni fa gaskiya da duk girmamawa ban ga dalilin tafiyar ba. Laberiya tana da 'yan jaridarta, akwai FrontPage Africa, akwai New Narratives da suka daɗe suna bin shari'o'in nan har Turai, akwai irin su Hassan Bility da gwamnatin Taylor ta tsare ta azabtar a 2002 yana editan jarida, daga baya ya ba da shaida a shari'ar Taylor, kuma ƙungiyarsa ce ke tattara shaidun da ake amfani da su a kotunan waje. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu da kullum muke ƙorafin Turawa suna dira kwana biyar su koma su zama masana a kanmu, in muka yi wa wasu haka meye bambancin? Kuɗin jirgin da masaukin da za a kashe maka in aka ba ɗan ƙasa zai yi wata shida yana aikin.

Edita_A:

Ɗan_Jarida_Ne maganarka tana da nauyi amma ban bi ka har ƙarshe ba. Wanda ke Monrovia yana rubuta wa 'yan ƙasarsa ne, mai sauraron da Sabon_Alƙalami ya sani da harshen da yake aiki da shi daban ne, kuma akwai abin da baƙo ke iya faɗa ya tafi wanda ɗan gida in ya faɗa zai kwana da shi. Hanyar da nake ganin tana aiki ita ce haɗin gwiwa tun daga takardar neman tallafi, suna biyu a kan rahoton, kuɗi a raba, a buga a can a buga a nan. Ni in takarda ta zo min da sunan abokin aiki ɗan ƙasar na fi saurin amsawa, don na san ba makaho zan tura ba.

Abin da nake so in ƙara, ƙanena, shi ne tabbatarwa, don a nan masu kyakkyawar niyya suka fi faɗuwa. Mutum ya ba ka labari yana kuka, zuciyarka ta karye, ka rubuta yadda ya faɗa, alhali shekara talatin ta wuce, ranaku sun cakuɗe masa, ƙungiyar da ya ambata wataƙila ba ta iso yankin ba sai bayan shekara. Ba ƙarya yake ba, haka ƙwaƙwalwa take, amma kuskure ɗaya ya ishi wanda ake zargi ya ce duk rahoton ƙage ne, kuma lauyansa zai ajiye rahotonka ya ƙure shaidan da shi ranar da aka zo kotu. Ka ga ka cuce shi kana son taimakonsa. Rahoton hukumar 2009 yana nan a buɗe, hukuncin kotunan da aka yi suna nan, ka karanta su kafin ka tafi, kowace magana ka nemi mutum na biyu da bai ji na farko ba. Dubi aikin Wa Lone da Kyaw Soe Oo na Reuters kan kisan Rohingya goma a Inn Din a Myanmar, abin da ya sa aka kasa musa shi sun samo hotuna, sun kuma samo bakin mutanen ƙauyen da jami'an tsaron da suka san yadda aka yi, da kansu. Sun sha ɗauri sama da kwana 500 a kai kafin a sake su a 2019, amma labarin ya tsaya. Duk wanda za ka ambaci sunansa da laifi sai ka neme shi ya ba da nasa ɓangaren, kuma ka yi hakan a ƙarshe bayan ka tabbatar shaidunka suna cikin aminci.

Wayarka ka sa mata makulli mai ƙarfi, ka yi amfani da manhajar tura saƙo a asirce ta Signal, sunayen gaskiya kada su zauna wuri ɗaya da muryoyin. Sannan ka kula da kanka in ka dawo, sauraron irin waɗannan labarai kullum yana taruwa a zuciya, na ga jarumai sun daina barci, ka samu wanda za ka riƙa yi wa magana.

Sabon_Alƙalami:

Allah ya saka muku da alheri, wallahi na karanta sau uku. Baba Tsohon_Wakili na gane, na koma na rage shi zuwa gari ɗaya da shaidun da suka yi magana gaban hukumar, ina su yau kuma an taɓa komowa wurinsu. Ɗan_Jarida_Ne maganarka ta yi min zafi da farko amma daren jiya na rubuta wa wata 'yar jarida a can da na daɗe ina karanta aikinta, na tambaye ta ko za mu yi tare, in ta ce labarin ba ya buƙatata zan saurare ta.

Anti 'Yar_Tafinta ke kuma tambaya ɗaya ta rage min. Ni ɗan rediyo ne, murya ita ce komai nawa, in mace ta yarda a sa muryarta da kanta ta ce ba ta tsoro, amma ni na ga akwai hatsari, in bi nata ko in bi nawa?

'Yar_Tafinta:

Kada ka yanke a ranar. Ranar hira mutum yana cikin zafin abin, zai ce a sa komai. Ka bar mata lambar abokiyar aikinka, ku koma bayan kwana biyu ko uku ku kunna mata daidai wurin da za ku sa ta ji da kunnenta, ku tambaye ta wa da wa a garin zai gane wannan muryar, kuma akwai wanda take ambata a ciki da bai yarda ba, kamar 'yarta ko ƙanwarta. In bayan haka ta ce a sa, kuma ita kaɗai abin zai shafa, toh labarinta ne, wasu sun yi shekara talatin ana hana su magana, kada kai ma ka zama mai hanawa. In akwai wani a ciki, ku cire wannan wurin ko wata ta karanta maganar a madadinta ku gaya wa masu sauraro an yi haka. Kuma ku gaya mata ranar da zai fita tun kafin ya fita, ta san inda za ta kwana a daren.